Fadojin Liechtenstein: wanne ne tsoho da gaske?

"Malam, ina karatu a Zurich. Na sha ganin hoton wata fada a kan dutse a garin Vaduz. An ce mini ƙasar Liechtenstein gaba ɗayanta ba ta kai wata ƙaramar hukumar a gida ba, amma tana da irin waɗannan fadoji har biyar, ga tsofaffin coci-coci. Wa ya gina su, kuma don me? Da gaske ne tun shekara ɗari takwas suke tsaye a haka? Ina da hutun kwana biyu, ina ya kamata in nufa?"

Ɗan'uwa, tambaya uku ka haɗa a guda, kuma ta tsakiyar ce mai nauyi. Idan na fahimce ka, so kake ka san ko abin da ido yake gani a hoto shi ne abin da mutanen da suka bari. Amsar a taƙaice ita ce harsashin tsoho ne, amma yawancin abin da ke burge mai ɗaukar hoto, wato rufi da tagogi da kawunan hasumiya, aikin farkon ƙarni na 20 ne. Wanda yake neman ginin da ya fi kusa da yadda magina na farko suka bar shi, sai ya hau daji wajen kangaye, ko ya nemi ƙananan ɗakunan ibada da ba a cika sa su a katin gaisuwa ba.

Sana'ata gyaran tsofaffin gine-gine ce. Da ginin ƙasa na fara a gida, tubali da azara da makuba, daga baya aiki ya kawo ni wannan yanki inda ake gini da dutse da farar ƙasa. Bango na iya karantawa fiye da takarda, don haka shekarun da zan ambata na masu tarihin ƙasar ne, abin da zan faɗa game da jikin ginin kuwa nawa ne.

Hanyar ce ta haifi fadojin

Faɗin ƙasar murabba'in kilomita 160 ne, mutanenta wajen 40,000. Daga kudu zuwa arewa kilomita 25 ce, ba ta kai tafiyar Kano zuwa Wudil ba. Kogin Rhine ne iyakarta ta yamma da Suwizalan, a gabas kuma tsaunukan Alps ne suka raba ta da Ostiriya. Abin da ya rage wa ɗan'adam ya zauna ɗan siririn fili ne tsakanin ruwa da dutse, kuma ta cikin wannan siririn fili ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin Turai ta bi, wadda ta taso daga tafkin Constance ta ratsa Chur ta tsallaka tsaunuka zuwa Italiya. Romawa sun ci yankin a shekara ta 15 kafin haihuwar Annabi Isa, suka gyara hanyar, a ƙarni na 4 kuma suka gina sansanin soja a Schaan don tsaronta.

Duk Bahaushen da ya san tarihin fatake ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Inda ayari zai bi dole, nan mai iko yake kafa zango ya karɓi kuɗin fito. Gishiri da hatsi suna gangarowa kudu, kayan Italiya suna haurowa arewa, manoman ƙauyukan kuma suna da haƙƙin ɗaukar kayan daga zango zuwa zango a kan lada, kowane ƙauye da iyakarsa. Fadojin da kake tambaya a kai duk a kan wannan layi suke: Gutenberg a kudu tana kallon mashigar Luzisteig, Vaduz da Schalun a tsakiya, biyun Schellenberg a arewa kusa da garin Feldkirch na Ostiriya. Ko kaɗan biyar ba su yi yawa ba a wannan kwari. Ka tsaya a Vaduz ka dubi tsallaken kogi, akwai Werdenberg da Sargans da kangon Wartau a ɓangaren Suwizalan. A lokacin da aka gina su babu wata ƙasa mai suna Liechtenstein, kogin ma ba iyaka ba ne.

Akwai kalmomi biyu na Jamusanci da za ka riƙa gani a alluna. Burg gidan tsaro ne, an yi shi don yaƙi. Schloss fada ce ta zama da nuna isa. Gini ɗaya yakan fara a Burg ya ƙare a Schloss, kuma abin da ya sami na Vaduz ke nan.

Masu gini daban, masu suna daban

Wannan shi ne abin da ya fi ba baƙi mamaki. Zuriyar Liechtenstein ba su aza ko dutse ɗaya a asalin waɗannan fadoji ba. Sunansu ma daga wata fada ce da ke kusa da Vienna, ɗaruruwan kilomita daga nan. Waɗanda suka yi ginin ƙananan sarakunan yankin ne. A 1342 aka raba gadon gidan Werdenberg-Sargans, aka fitar da Vaduz ta zama ƙasa mai nata shugaba, a 1396 kuma aka tabbatar mata cewa ba ta ƙarƙashin kowa sai sarkin sarakunan Daular Roma Mai Tsarki. Daga nan ta riƙa sauya hannu: gidan Brandis, sai gidan Sulz a farkon ƙarni na 16, sai gidan Hohenems a 1613. Mulkin Hohenems bai bar suna mai kyau ba. A zamaninsu aka yi ta kashe mutane da sunan maita ana ƙwace dukiyarsu, har sai da sarkin sarakuna ya turo kwamitin bincike, bashi kuma ya yi musu katutu.

Su kuwa 'yan gidan Liechtenstein suna da dukiya da manyan gonaki a Moravia da Ostiriya, amma duk a ƙarƙashin gidan Habsburg, masu sarautar Ostiriya, suke riƙe da su. Abin da suka rasa shi ne kujera a majalisar sarakunan daular, wadda ba a ba kowa sai mai ƙasar da ke hannun sarkin sarakuna kai tsaye. Sai shugaban gidan, Johann Adam Andreas, ya sayi Schellenberg a 1699 kan gulden (kuɗin lokacin) 115,000, ya sayi Vaduz a 1712 kan 290,000. Ranar 23 ga Janairu 1719 sarkin sarakuna Karl na VI ya haɗe su biyu ya raɗa musu sunan masu sayen. Kujera suka saya, ƙasar ta biyo a matsayin gyara. Shi ya sa sai a 1842 wani sarki mai ci ya fara taka ƙasar, sai a 1938 kuma Franz Josef na II ya tare a Vaduz. (Jaridu sukan ce "yarima", amma Fürst, laƙabinsa da Jamusanci, ba ɗan sarki mai jiran gado ba ne, shi ne sarkin.)

Ka riƙe wannan, domin shi ne ya bayyana halin da gine-ginen suka shiga. Gidan da mai shi ba ya kwana a ciki, kowa ya san ƙarshensa.

Vaduz da Gutenberg, biyun da ke da rufi

Fadar Vaduz tana kan wani dutse mai tsayin kusan mita 120 a saman garin. Mafi tsufan sashenta ita ce hasumiyar tsakiya mai kusurwa huɗu, wadda ake danganta ta da ƙarni na 12, kusan zamanin da ake cewa Sarki Gijimasu ya fara ganuwar Kano. Faɗinta wajen mita 12 ne da 13, kaurin bangonta a ƙasa ya kai mita 4, ƙofarta ta asali kuma tana can sama, kusan mita 11 daga ƙasa, sai da tsani. Takarda ta fara ambaton fadar a 1322. A watan Fabrairun 1499, shekarar da Sarki Muhammadu Rumfa ya rasu, mayaƙan Suwizalan suka ci ta suka cinna mata wuta a yaƙin da suke yi da Habsburg. Bayan nan ne gidan Sulz suka ƙara mata manyan hasumiyoyi biyu masu zagaye, gajeru masu kauri. Wannan siffa ba don ado ba ce. Igwa ta riga ta shigo fagen yaƙi, dogon bango siriri mai kusurwa ba ya jure dalma, mai zagaye kuwa yakan sa ta zame. Idan ka tsaya a bakin hanya ka ga doguwar hasumiya mai kusurwa a tsakiya da masu zagaye a gefe, zamani biyu na yaƙi kake kallo a gini ɗaya.

A ƙarni na 18 da na 19 fadar ta lalace. An yi barikin soja a ciki, an yi kurkuku, an yi har gidan saida abin sha. Sai Sarki Johann na II ya sa aka yi mata gagarumin gyara daga wajen 1905 zuwa gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya Franz Josef na II ya mayar da ita gidan zama. Har yau iyalan sarki ne a ciki, kuma ba a shiga. Ni ma ban taɓa wuce ƙofar ba, abin da na sani na cikinta daga zane-zanen magina da littattafai ne. Ranar 15 ga Agusta, ranar ƙasa, akan yi biki a filin da ke gefenta, a buɗe wa jama'a lambu. Kada wannan ya ba ka haushi. Gidan Rumfa ma ba a shiga ko'ina, kuma zaman da ake yi a cikinsa ne ya raya shi.

Gutenberg, a garin Balzers, ita na fi so in kai baƙo. Tana kan wani tudu mai tsayin kusan mita 70 da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar fili, kamar Dala a Kano. Mutane sun zauna a tudun tun zamanin da ake aiki da makaman dutse, kuma a gefensa aka tono wasu ƙananan gumakan tagulla na kafin zuwan Romawa, waɗanda suke gidan tarihi na ƙasa a Vaduz. Sunan Balzers kansa ana mayar da shi ga kalmar Latin mai nufin fada. Gidan Frauenberg ne suka riƙe Gutenberg, daga 1314 ta koma hannun Habsburg, ta zauna a hannunsu sama da shekara 500, alhali ƙasar da ke kewaye da ita ta wasu ce. Wakilansu, mafi daɗewa gidan Ramschwag, su ne suke zaune a ciki suna gadin mashigar. Masu tarihi suna ba da labarin cewa a farkon yaƙin 1499 sojojin da ke kan ganuwarta sun riƙa yi wa mayaƙan Suwizalan kukan shanu, wai makiyaya ne, waɗancan kuma suka fusata suka tsallako kogi. An yi mata ƙawanya a yaƙin, ba a ci ta ba.

Abin da igwa ta kasa, zaman lafiya ya yi. Daga tsakiyar ƙarni na 18 aka daina kula da ita. A 1795 gobara ta cinye Balzers, irin gobarar da iskar nan mai ɗumi da suke kira Föhn take hurawa, mutanen gari kuma suka hau tudu suka yi ta ɗibar sassaƙaƙƙen dutse suna sake gina gidajensu. Ba na ganin laifinsu. A 1905 wani ɗan Vaduz mai zane da sassaƙa, Egon Rheinberger, ya sayi kangon, ya shafe kusan shekara bakwai yana tayar da shi. Ya san aikinsa, ya taɓa yin irinsa a Ostiriya, ya kuma bi tsohon harsashi. Amma inda bango ya ƙare, tunaninsa ne ya ci gaba. Abin da kake gani a yau Gutenberg ce kamar yadda wani mai fasaha na 1905 ya so a ce ta kasance. Gwamnati ta saye ta a 1979. Farfajiyar waje a buɗe take kyauta, cikin kuwa sai a wasu ranaku na lokacin zafi ko da shiri na musamman, don haka ka bincika kafin ka tashi.

A fagenmu ana jayayya a kan irin wannan aiki har gobe. Wasu suna cewa ƙarya ce da dutse. Ni ban kai can ba. Da Rheinberger bai sa rufi ba, da yau tarin duwatsu ne a kan tudun, kuma aikin nasa ma ya haura shekara ɗari, ya zama tarihi shi ma. Abin da ba na yarda da shi shi ne a bar baƙo ya tafi yana zaton duk ginin na 1300 ne.

Kangaye uku, da yadda ake karanta bango

A tudun Eschnerberg da ke arewa akwai kangaye biyu na Schellenberg. Sunayensu suna rikita mutane: ta sama, Obere Burg, ana kiranta "sabuwa", alhali ita ce babba kuma ita ce ta riga, daga wajen 1200. Ta ƙasa, Untere Burg, ana kiranta "tsohuwa", amma ginin wajen 1250 ne. An daina zama a cikinsu tun ƙarni na 16, a ƙarni na 19 kuma aka ɗebi duwatsunsu don gine-ginen ƙauyen. A 1956 Franz Josef na II ya ba da su ga ƙungiyar tarihi ta ƙasar, wadda aka kafa a 1901, ita ta sa aka tone su aka ɗaure abin da ya rage. Na ukun shi ne Schalun, da mutanen gari suke kira Wildschloss, a cikin daji a saman Vaduz. Ginin ƙarshen ƙarni na 12 ne, an bar shi da wuri, kuma saboda wahalar hawa ba a taɓa mayar da shi gidan kowa ba. Duk ukun babu ƙofa babu mai karɓar kuɗi.

A irin waɗannan wurare ne za ka ga hannun magina na asali, in ka san abin dubawa. Fara da kusurwa: a can suke sa manyan duwatsun da aka sassaƙa, ɗaya a kwance ta wannan gefe, na samansa ta wancan, suna riƙe juna. Sannan ka nemi inda bango ya karye ka leƙa cikinsa. Za ka ga fuska biyu ce ta dutse mai kyau, ciki da waje, tsakiya kuma an cika da ɓaraguzai da kwaɓin farar ƙasa. Ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu da ke jere a layi ɗaya ba na harbi ba ne, kamar yadda na sha jin ana gaya wa yara. Gurbin itacen dandamalin da magina suka tsaya a kai ne, manyan ramuka kuma na azarar bene ne, da su za ka ƙirga hawa nawa ginin ya yi. Inda ka ga bango biyu sun haɗu amma duwatsunsu ba su shiga juna ba, akwai layi miƙaƙƙe daga sama har ƙasa, to ɗaya ya girmi ɗaya, wanda ya jingina shi ne ƙanen. Taga siririya a waje mai faɗi a ciki ta zamanin tsoro ce. Babbar taga a hawa na ƙasa tana nufin an buɗe ta ne bayan an daina jiran hari.

Duk wannan yana gaya maka wanne ya riga wanne, ba ya ba ka shekara. Shekara sai an samu itace. Bishiya tana ƙara zobe ɗaya kowace shekara, mai kauri a shekarar albarka, siriri a ta wahala, kuma masana suna da jerin zobban yankin na ɗaruruwan shekaru da suke gwada kowace azara da shi. Da haka aka gano cewa ginin da gidan tarihi na ƙasa yake ciki a Vaduz ya koma 1438. Inda babu itace, kamar a yawancin kangaye, sai a dogara da fasassun tukwane da takardu, shi ya sa kake ta jin "wajen" da "ƙarshen ƙarni" a bakina.

Babban abokin gabar kango ruwa ne, siminti kuma mataimakinsa. Na koyi wannan da hannuna. A farkon zuwana an ba mu wani tsohon bango, ba a Liechtenstein ba, wanda wasu masu gyara kafin mu suka liƙe duk gaɓoɓinsa da siminti don ya yi ƙarfi. Na buga guduma na ji yana amsawa kamar ganga. Da muka ɓamɓare, tsohon kwaɓin da ke ciki ya zama jiƙaƙƙen yashi, ana ɗibarsa da cokali. Ruwa ya shiga ta sama, siminti ya hana shi fita, hunturu ya zo ya daskarar da shi, ƙanƙara ta kumbura ta ture fuskar bangon. Nan take na tuna gidajen ƙasa na birni da aka yi wa yaɓen siminti, su yi kyau shekara uku, a damina ta huɗu yaɓen ya zubo da rabin bango. Ciwo ɗaya ne. Farar ƙasa tana shan ruwa tana kuma sakinsa, shi ya sa da ita muke gyara, ko da yake tana jinkirin bushewa kuma ba a aikinta a lokacin sanyi. Idan ka je Schellenberg ka dubi saman bangayen, za ka ga an rufe kawunansu don kada ruwa ya kwanta. Jeren duwatsun saman galibi na masu gyara ne, kuma an sa su ne don su ci wahala a madadin na ƙasa. Kada ka hau kansu don hoto.

Coci-coci

Nan ma ido yana ruɗin mutum. Babbar cocin Vaduz, ta St. Florin, mai doguwar hasumiya mai tsini, kamar ta zamanin da take, amma tsakanin 1869 da 1873 aka gina ta, da zanen Friedrich von Schmidt, wanda ya zana zauren birnin Vienna. A lokacin salon kwaikwayon ginin da ne yake tashe a Turai. Sai a 1997 ta zama mazaunin babban bishop, da Paparoma John Paul na II ya cire ƙasar daga ƙarƙashin bishop ɗin Chur. A gefenta akwai makabartar gidan sarauta. Cocin Balzers da ke gindin Gutenberg ma ta wajen 1912 ce, ta Triesenberg mai kan hasumiya kamar albasa kuma ta ƙarshen shekarun 1930.

Tsofaffin na gaske ƙanana ne. St. Peter a Schaan tana bakin babban titi, mota za ta wuce da kai ba ka lura ba, amma a kan bangon sansanin Romawan nan take zaune, kuma masu tono sun samu kwamin baftisma, wato wankan shiga Kiristanci, na wajen ƙarni na 5 a ƙarƙashinta. A duk ƙasar babu wurin ibadar Kirista da aka san ya girme ta. A Triesen, a kan gangare cikin gonakin inabi, akwai St. Mamertus, ɗan ɗaki mai kaurin bango da ake mayar da asalinsa ƙarni na 9 ko na 10, da ragowar zane a jikin bango na ƙarshen zamanin tsakiya. Sau da yawa a kulle take, amma ko daga waje ta isa a je. Can sama da Triesenberg, a Masescha, fiye da mita 1,200, akwai ɗakin ibadar mutanen Walser, makiyaya da suka yi ƙaura daga yankin Wallis wajen 1300 aka ba su tsaunin da ba wanda yake so. Har yau harshen jikokinsu ya bambanta da na mutanen kwari, suna kuma da nasu gidan tarihi a Triesenberg.

Sai tudun cocin Bendern a arewa. An sha sake ginin cocin, amma wurin ya fi ginin muhimmanci: a nan ne ranar 16 ga Maris 1699 mazan yankin suka yi mubaya'a ga sabon ubangidansu, wanda bai zo ba, wakili ya turo. Wani babban ƙyalle mai zane na 1612 da ake rataya wa a cocin lokacin azumin Kirista yana gidan tarihi na ƙasa yanzu.

In za ka shiga coci, akasin masallaci ne: takalmi yana ƙafa, hula ce namiji yake cirewa. In ana ibada ka jira a gama. Ƙasar ta mabiya Katolika ce, har kundin tsarin mulkinta ya ba cocin matsayi na musamman, kuma waɗannan wurare ana amfani da su.

Wani abu da zai iya ba ka mamaki: ba za ka ga tambarin UNESCO a ko ɗaya daga cikin wuraren nan ba, don ƙasar ba mamba ba ce. Gine-ginen gidan Liechtenstein da suka shiga jerin kayan tarihi na duniya su ne na Lednice da Valtice, a ƙasar Cek, waɗanda aka ƙwace musu a 1945.

Kwana biyun naka

Daga Zurich ka hau jirgin ƙasa zuwa Sargans, wajen awa ɗaya, daga nan bas ɗin Liechtenstein zai tsallaka da kai. Babu shingen iyaka ta wannan gefe, kuɗin ma faran ɗin Suwizalan ne da ke aljihunka. Ranar farko ka sauka a Balzers ka hau Gutenberg da safe, ka tsaya a Triesen don St. Mamertus, ka iso Vaduz da rana. Ka shiga gidan tarihi kafin ka hau wajen fada, domin abin da aka tono daga wuraren da za ka gani duk yana can. Hawan zuwa bakin fadar kamar rabin awa ne a ƙafa. In da sauran ƙarfi a gwiwa ka zarce Schalun, amma da takalmi mai riƙe ƙasa, kuma ba bayan ruwan sama ba. A gangarowa ka bi ta tsohuwar unguwar Mitteldorf ka ga Jan Gida mai matakala a goshinsa, wanda shi ma Rheinberger ya ƙara masa hasumiya.

Rana ta biyu ta arewa ce: St. Peter a Schaan, tudun Bendern, sannan Schellenberg. A can, ban da kangayen, akwai gidan katako na manoma na 1518 da ake kira gidan Biedermann. An sha kwance shi ana sauya masa wuri, domin a dokar da filin na ubangida ne, gidan kuwa kayan manomi ne, in ya tashi sai ya tafi da abinsa. A wurina ya fi fadojin faɗin yadda talaka ya rayu, sai dai ba kullum ake buɗe shi ba. Akwai kuma hanyar ƙafa mai kilomita 75 da aka buɗe a 2019, cikar ƙasar shekara 300, wadda ta ratsa dukkan garuruwanta 11. Ba za ka gama ta a kwana biyu ba, amma allunanta za su yi maka jagora tsakanin wuraren nan.

In kuma burinka shi ne ka shiga cikin fada ka ga ɗakuna da makamai, to Liechtenstein ba za ta biya maka ba. Ka tsallaka tsohuwar gadar katako mai rufi ta 1901 da ke tsakanin Vaduz da Sevelen, mai tsawon mita 135, ka nufi Werdenberg kusa da Buchs, ko ka tsaya a fadar Sargans a hanyarka ta komawa, ko ka ƙarasa Schattenburg a Feldkirch. Duk ukun gidajen tarihi ne, kuma zuriyar da ta kafa Vaduz da danginta ne suka gina su. Biyun na Suwizalan sukan rufe da hunturu, don haka in hutun naka ya faɗo tsakanin Nuwamba da Maris, ka duba ranakun buɗewa kafin ka sayi tikiti.